Wandon da Na Wanke a Gwanzu

Jiya na ji ɗayanku yana cewa fitar da samfur ba aiki ba ne, wai a ɗauki riga hoto da waya, a tura wa 'yan Sin, su ɗinko. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau na tofar, sai ku matso. Hoto ba ya faɗin nauyin yadi, ba ya nuna inda tela ya ci ɗinki da inda ya sake shi, kuma ba ya gaya maka matsayin riga a wurin mai ita. Wannan na ƙarshen ni kaina ban san shi ba sai da na haura arba'in, a birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Wandon wani mamaci ne ya koya mini, wanda ɗansa ya ba ni amana, ya ce in maido masa da shi yadda ya ba ni.

Aikin farko da Malam Ɗanjuma ya ba ni a shagonsa na Fagge farke ɗinki ne. Wata shida cur ban hau keke ba. Rabin reza yake miƙo mini da tsohuwar riga, ya ce in raba ta gida-gida ba tare da na ji wa yadin ciwo ba. In na gama in goge kowane ɓangare, in ɗora a kwali, in zana, in yanke. Wannan kwalin shi ne asalin rigar, da shi za ka fitar da guda ɗari kamar an tsaga kara. Ranar da na huda wa wani alhaji hannun riga, Malam bai dake ni ba. Sa ni ya yi na ɗauki rigar na kai wa mai ita har gida, na faɗa da bakina. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Malam yana da doka guda da ba ta da ranar hutu. Duk kayan da aka kawo samfur, ba ya komawa hannun mai shi sai an mayar da ɗinkinsa, an wanke, an goge, an ninke. Yakan ce telan da ya maido maka kayanka da dauɗa ya zage ka ne bai buɗe baki ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa, dokar nan ta shiga jinina, ko tunani ba na yi kafin in bi ta.

Wasu jallabiyoyi ne suka kai ni ƙasar Sin. Wani alhaji ɗan Kwari ya yi odar su, suka iso Kano hannayensu a gwiwar hannu, kafaɗa kuwa ko yaro ɗan sakandare sai ya riƙe numfashi. Ya ce ya gaji da magana da kalkuleta, tela yake so a can. Na tafi da almakashin da Malam ya bar mini, da tef, da alli, da fakitin reza, na ce wata uku zan yi. Na kama ɗaki a hawa na bakwai, gidan ba lif. Na koyi cewa lawban, wato maigida, na koyi sheshe, wato na gode, na koyi meyo, wato babu, wadda ita ce kalmar da ta fi kowace araha a garin. Safiya ina kasuwar Shahe, azahar ina ta Baima, la'asar ina ɗan wurin ɗinkin wata mata da muke kira Lawban Chen, mai kekuna ashirin da faɗan mutum hamsin. Ita ba ta jin Hausa, ni ba na jin Sinanci sai na ciniki, amma in na ajiye kwali a teburinta ta shafa gefensa da yatsa, mun gama magana. Mutanen Kano, da na Maraɗi, da na Kumasi duk suka san ɗakina. Habu Mai Kwali suke ce mini, wata ukun nan kuwa ta zama shekaru.

Sai shekarar Olamfik ta zo. Wasannin a Beijin ake yi, amma mu a Gwanzu muka ji a jikinmu. Biza ta yi wuya, wanda ya fita sabuntawa sai ka ji shiru, alhazan da suke zuwa duk wata biyu suka daina zuwa. Ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng sahunmu na baƙaƙen fata ya ragu, har kana iya ƙirga fuskokin. Na yi sati biyar ban zana kwali ko ɗaya ba. Almakashina nake fitowa da shi in shafa masa mai in mayar, don kada ya ga na manta da shi.

Ana cikin haka, wata Talata, abokina Mamman Sani, wani Bamaraɗe mai sayen takalma, ya hawo bene yana haki, da baƙo a bayansa. Dogo ne, baƙi, furfura ta fara masa, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji kamar mai jego. Mamman ya ce a Baima ya tsince shi yana rigima da masu shago. Ya yi masa Hausa bai ji ba, ya yi masa Faransanci bai ji ba, sai wani Turanci mai lanƙwasa kamar waƙa. Na tambaye shi ko ɗan Gana ne. Ya yi dariya, ya ce sunansa Desmond, daga wani tsibiri yake a tekun Karebiyan. Na ɗauko taswirar da ke bayan kalandata na ce ya nuna mini. Ya ɗora bakin biro a cikin ruwa tsundum, inda babu komai, ya ce nan ne, masu taswirar ne ba su da kirki.

Kayan shago ya zo saye, amma babban abin da ya kawo shi daban ne. Duk shekara tsibirinsu yana karawa da babban tsibirin da ke maƙwabtaka da su a wasan kurket. Ni a lokacin ko sunan wasan ban iya faɗa daidai ba. Ya ce mutanen babban tsibirin suna raina su, suna ce musu 'yan tsuntsun dutse. A bana tsofaffin garinsu sun yanke shawara 'yan wasansu za su fita da irin yankan wandon mutanen da, irin wanda aka sa a shekarar da suka taɓa cin babban tsibirin, sau ɗaya tak a tsawon rayuwarsa. Saiti goma sha biyar yake so, riga da wando. Sannan ya kwance ƙunshin a kan gadona a hankali.

Wando ne na farin yadin auduga mai kauri, ya tsufa har ya koma kalar madara. Ina taɓa shi tsikar jikina ta tashi, don aikin gwani ne. Ƙugunsa dogo, da ninki biyu a gaba, da 'yan maɗaurai a gefe maimakon bel. A hantsa an saka wani ƙyalle mai kusurwa huɗu irin na bujen kakanninmu, yadda mutum zai buɗe ƙafa iya son ransa ɗinki bai ce uffan ba. Na kai hannu zan ɗauko reza, Desmond ya riƙe mini wuyan hannu.

"Na marigayi babana ne," ya ce. "Duk shagon da na je sun ce sai sun farke. Ba za a cire masa zare ko ɗaya ba. Yadda na ba ka, haka za ka maido mini. In ba za ka iya ba, Tela, faɗa mini yanzu."

Ban taɓa fitar da kwali ba tare da farkewa ba. Amma sati biyar na zaman banza ya sa na ce masa zan iya, muka tafa.

Kwana huɗu na yi a kan wandon nan, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar su ba. Na shimfiɗa bargo, na ɗora kwali, na kwantar da ƙafa ɗaya a kai. Da siririyar allura na bi layin ɗinki ina sokawa ta tsakanin zare, huda bayan huda, har siffar ta fito a kwalin ɗigo-ɗigo. Gaba bai ba ni wuya ba. Lanƙwasar baya ce ta ƙi kwanciya, kowace dabara na yi sai ta karkace. Rana ta uku ina wucewa ta gaban mai gyaran rediyo na hango wayar dalma mai laushi, na saya, na dawo da gudu. Na lanƙwasa ta a jikin ɗinkin, na ɗaga a hankali, na ɗora a kwali na zana. Da na ɗinka na gwaji na ɗora a kan tsohon, baki ya hau baki ko'ina. Ni kaɗai a ɗaki na yi ta zagaya tebur ina yi wa kaina kirari. Yadin ma sai da na sha meyo a shaguna sun fi talatin a Shahe, kowa fari fat yake miƙo mini, kafin wata tsohuwa ta jawo mini mai kalar madarar daga ƙarƙashin tebur. Lawban Chen ta shafa kwalin, ta dube ni, ta ɗaga babban yatsa, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

Abu ɗaya ne yake damuna duk kwanakin nan. A cinyar dama, gefen aljihu, akwai wani tabo mai tsawon taƙi guda, ja ne da ya tsufa ya koma kalar tsohon lalle. Na ɗauka jini ne ko tsatsa. Na so in tambaya, amma ku da kanku kun sani, ba a nuna wa mutum tabo a cinyar wandon ubansa, balle uban ya rasu. Na ce a raina bawan Allah ya rasa mai fitar masa ne, ni kuwa almajirin Malam Ɗanjuma ne. Da ya ce in maido yadda ya ba ni, ɗinki kawai na ji. Ranar Lahadi da hantsi na matse lemon tsami a wurin, na goga sabulu, na zuba ruwan bilic daidai yadda auduga take ɗauka, na jiƙa shi a bokiti. Har ina hango yadda zai yi murna.

Ban gama wanke hannu ba wayata ta yi ƙara. Desmond ne, wai mu zo ni da Mamman mu ga wasan da idonmu, tela ya kamata ya san abin da yake ɗinka wa kaya. 'Yan kasuwar Pakistan da Indiya da Sirilanka suna hayar wani filin ƙwallo a bayan wata makaranta duk Lahadi. Na rufe bokiti da faranti muka tafi.

Ku da kuke ganin ƙwallon ƙafa ne kaɗai wasa, da kun ga filin nan. An kafa sanduna uku a nan, uku a can. Mutum ɗaya ya tsaya yana tsaron sandunan da wani faffaɗan katako, wani kuma ya taho da gudu daga nesa, ya wulwula hannu ta saman kai, ya sako wata jar ƙwallo mai tauri kamar goriba. Kafin ka ƙifta ido ta daki ƙasa ta tashi. Da farko ban gane komai ba, mutane tsaye a rana kamar masu jiran mota. Amma Desmond ya zauna a tsakiyarmu yana bayani da hannu da ƙafa, ya tashi ya zauna, ya tashi ya zauna. Can wani ɗan Sirilanka siriri ya maka ƙwallon ta haye katanga ta faɗa kan rumfar masu keke, sai ga ni a tsaye ina ihu ban san lokacin da na miƙe ba.

Ya ce mana a tsibirinsu ranar wannan wasa ba kasuwa, ba makaranta, alƙali ma ɗage shari'a yake. Masunta suna ɗaure rediyo a jikin kwalekwale, mata suna dafa abinci a bakin fili tun safe, ana busa ƙahon katantanwar teku. Ya ce Turawa ne suka kawo wasan lokacin da kakanninsa suke noman rake a ƙarƙashin bulala, aikinsu a filin shi ne tsinto ƙwallo daga cikin ciyawa. Suna tsintowa suna jefowa har hannunsu ya fi na masu wasan. In za a kara da duniya, duk tsibiran haɗuwa suke su zama ƙungiya ɗaya, amma in an dawo gida kowa tsibirinsa ya sani. Mamman ya buga cinya ya ce shi ya gane sarai, haka Maraɗi take in ɗan kokowarta ya kayar da na Yamai, ko kuturu sai ya yi tafi a ranar.

Sai aka canza mai jifa. Wani Bapakistane mai gemu ya karɓi ƙwallon, ya juya yana tafiya inda zai faro gudu. Yana tafe yana goga ta a cinyarsa ta dama, gefen aljihu, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Da ya juyo, na ga jan layi a farin wandonsa, tsawon taƙi guda.

Na tambayi Desmond me ya sa yake haka. Ya ce gefe ɗaya ake gogewa ya yi sheƙi, don in an jefa ta karkace a iska ta ruɗi mai bugu. Duk mai jifan kirki da wannan tabon ake gane shi. Sai ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da fara'a.

"Wanda ke ɗakinka, ai duk tsibirinmu ba wanda bai san shi ba. Da shi a jikinsa babana ya fitar da mai bugunsu na ƙarshe ranar da muka ci su. Bayan sati ɗaya ya shiga teku, bai dawo ba. Sama da shekara talatin mahaifiyata ba ta bari ruwa ya taɓa shi ba. Har yau kafin wasa 'yan wasanmu sai sun biya ta gidanmu sun ɗora hannu a wurin."

Ban san me na ce masa ba. Mamman ya gaya mini daga baya wai cewa na yi na bar dutsen guga a kunne. Na dai san na tsallake wani ɗan shinge, na tare tasi a tsakiyar titi, ina ce wa direba kwai-kwai, wato sauri, yana nuna mini jar fitila. Hawa bakwai ɗin nan da nake hutawa sau biyu, ranar a numfashi ɗaya na haye su. Na ture farantin, na tsamo wandon, na sakar masa famfo ina ɗauraya ina salati. Sannan na ɗaga shi a hasken taga. Aikina ya yi kyau, don ban taɓa fitar da tabo ya fita tas kamar wannan ba. Na zauna a bakin banɗaki da jiƙaƙƙen wando a cinyata, tsoro da kunya suka rufe ni.

Mamman ya iso bayan awa ɗaya, ya duba wandon, ya duba ni. Ya ce mini in kwantar da hankali, nan fa Gwanzu ce, garin da ake yin agogon da mai kamfanin ma sai ya rantse nasa ne. Washegari ya je wurin Bapakistanen nan ya sayo tsohuwar ƙwallo. Ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, na karɓa. Kwana huɗu ina kallon tabon nan, na san tsawonsa, na san inda ya yi duhu da inda ya kwanta. Na yanko ƙyalle daga ragowar yadin, na ɗaura a cinyata, na yi ta gogawa. Ya fito ja sosai, sabo. Na shafa masa ruwan shayi mai kauri, na bi da dutsen guga, na shanya a rana, na sake gogawa kaɗan. A gwaji na biyar, wallahi ni da na yi sai da gabana ya faɗi. Abin kunyar shi ne daɗi na ji, irin daɗin da na ji da wayar dalma.

Mamman ya ɗaga ƙyallen yana juyawa. "Kai, Habu, hannunka na da baiwa. Maida wanga bisa wandon, shi kenan. Ko tsohuwar da kanta ba ta ganewa."

Da bai ambaci tsohuwar ba, da na yi. Na riga na shimfiɗa wandon, ƙwallon tana hannuna. Sai na hango 'yan wasan nan suna layi a gidanta suna ɗora hannu a kan shayina, ita kuma tana tsaye tana kallonsu. Na ajiye ƙwallon. Mamman ya ce in na faɗi gaskiya, mutumin nan zai tona ni a Baima da Shahe, a shekarar da ba aiki, in shirya komawa Fagge. Na ce na sani. Ya kira ni wawa da Hausa, ya ƙara da Faransanci, sannan ya ce ranar zai raka ni.

Lawban Chen ta gama ɗinki ranar Alhamis. Juma'a da sassafe muka ɗauki kayan muka nufi masaukin Desmond, don jirginsa na yamma ne. Ya buɗe kwalin farko, ya zaro wando, ya juya cikinsa, ya ga ƙyallen hantsa, ya ja da ƙarfi. Sai ya sa a kan wanda ke jikinsa, ya yi taku uku a ɗan ɗakin ya wulwula hannu har ya kusa fasa fitila. Yana dariya yana cewa babban tsibiri ya shiga uku. Ya rungume ni, ya rungume Mamman. Sannan ya miƙo hannu biyu ya ce in ba shi na babansa.

Na ɗora masa a gado, a wanke, a goge, a ninke. Kusa da shi na ajiye ƙwallon da ƙyallen gwajin. Na gaya masa komai, tun daga dokar maigidana har zuwa shayin. Ban ce kuskure ne ba, don ya gani da idonsa.

Ya warware wandon ya kai wurin taga. Ya daɗe yana shafa cinyar da babban yatsa. Ya ɗauki ƙyallen ya duba, ya ajiye shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. Na zaci zai dake ni, kuma da ya yi da ban kare ba. Amma zama ya yi a bakin gado da sabon wandon a jikinsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Rantsuwa na yi mata kafin ta ba ni. Ni ba zan iya gaya mata ba. Kai za ka gaya mata."

Ya danna lamba ya sa a sifika. Can wurinsu magariba ce ta jiya. Aka ɗauka, na ji kukan kaji da rediyo, sannan muryar wata tsohuwa, siririya amma a tsaye. Desmond ya ce mata ga telan da ya yi aikin yana da magana. Na tattaro ɗan Turancina na gaishe ta, na ce mata Mama, ni mutumin Kano ne a Nijeriya, ni aka ba wa wandon maigidanki, kuma na wanke shi. Na ce ban san mene ne tabon ba, kunya ta hana ni tambaya, yanzu babu shi.

Rediyon kawai nake ji. Mamman ya cire hularsa yana murzawa. Can ta tambaya ko ya fita duka. Na ce duka, Mama. Ta tambaya ko yadin ya ci. Na ce ko zare ɗaya bai ci ba.

Ta ja numfashi. Ta ce akwai abin da ko Desmond bai sani ba. Safiyar da mijinta zai shiga teku, ta riga ta ɗebo ruwa, wandon yana hannunta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta bar shi tukuna, yana so ya ƙara kallonsa in ya dawo, sai ta wanke.

"Mutanen gari sun ɗauka don wasan na ajiye shi," ta ce. "Ni ina ruwana da wasansu. Cewa ya yi in jira ya dawo, kuma da kunnena na ji, to yaya zan yi? Duk shekara in sun zo taɓawa sai in koma bakin ƙofar nan. Na daɗe ina roƙon Allah ya kawo wanda bai ji maganar ba, ya wanke mini shi."

Desmond ya ɗauke wayar daga kan gado, ya kashe sifika, ya fita baranda ya jawo ƙofa. Ta gilashi muna ganinsa, ya kifa goshi a jikin ƙarfe, yana ta cewa Mama, Mama. Ni da Mamman muka tsaya a ɗakin ba mai kallon wani. Da na rasa abin yi da hannuna, sai na durƙusa na fara ɗaure masa kwalayen, don kada ya makara jirgi.